Ƙwallaye 37 na Yekini: a ƙirga za mu tsaya ko za mu auna?

Daren Lahadi bayan an tashi daga gidan kallo na tsaya wajen wani mai shayi a Fagge, na tarar gardama ta kaure. Wani matashi sanye da jesin Galatasaray ya ɗaga waya sama yana nuna wa jama'a jerin waɗanda suka fi ci wa Najeriya ƙwallo, yana rantsuwa cewa kwanan Rashidi Yekini a saman jerin ya kusa ƙarewa, ɗan wasan gaban Najeriya Victor Osimhen na tafe. Wani dattijo a ƙarshen benci, hularsa a kan gwiwa, ya bari sai da yaron ya kai aya, sannan ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin Yekini da idonka?" Yaron ya ce, "A'a Baba, amma ai lissafi ba ya ƙarya." Dattijon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To ai buhun ƙaiƙayi ma buhu ne."

Aka kwashe da dariya, har da ni. Sai da na kama hanyar gida na ga cewa maganar Baba ta yi daɗi a kunne, amma akwai rashin adalci a cikinta.

Mu fara da abin da ba a jayayya a kai. Yekini, haifaffen Kaduna wanda ya taso a ƙungiyar masaƙar UNTL, ya ci wa Najeriya ƙwallaye 37. Shi ne ɗan Najeriya na farko da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, a 1993. Shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 1992, ya maimaita a 1994 a Tunisiya da ƙwallaye biyar, shekarar da muka ɗauko kofin. Sannan ga wadda ta fi zama a zukata: ranar 21 ga Yunin 1994 a Dallas, Finidi George ya miƙo ta daga dama, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki ya riƙe ragar da hannu biyu yana girgizawa yana ihu. Ƙwallon Najeriya ta farko kenan a gasar cin kofin duniya. Mu da muka hana idonmu barci a tsakar daren nan, har gobe idan aka ambaci sunansa wannan hoton ne ke fara zuwa, ba lamba 37 ba.

Abin da masu ra'ayin Baba ke nufi da ƙaiƙayi sananne ne. Suna cewa Osimhen ya tara nasa ne a kan ƙananan ƙasashe: huɗu a wasan da aka lallasa Sao Tome da ci 10 da nema a 2022, wasu uku a kan Sao Tomen dai a Uyo a 2023. Bakwai kenan daga ƙasa ɗaya da mutanenta ba su kai na wasu ƙananan hukumomin cikin birnin Kano ba. Gaskiya ne. Amma wa ya ce Yekini bai ci irin wannan garaɓasar ba? A 1991 da aka yi wa Burkina Faso 7 da 1 a Legas, huɗu nasa ne. Babu ɗan wasan gaban da ya tara ƙwallaye masu yawa wa ƙasarsa ba tare da ya haɗa da na wasannin neman gurbi da raunanan ƙasashe ba. Ko Cristiano Ronaldo da ya shafe tarihin Ali Daei na Iran na yawan ci wa ƙasa ƙwallaye a 2021, je ka tambayi golan Luxembourg abin da ya gani. Ɗan wasa ba shi ke zaɓar wanda za a haɗa shi da shi ba. Idan Sao Tome aka kawo masa, ya ci ko ya ƙi ci? Da ya ƙi, mu ɗin nan ne za mu fara zaginsa a majalisa.

Kuma duk wanda ya bi wasannin neman gurbin kofin duniya na 2026 ya san Osimhen ba ƙaiƙayi yake tarawa ba. Wasanni huɗun farko bai buga ba, Najeriya ba ta ci ko ɗaya ba: canjaras da Lesotho, da Zimbabwe, da Afirka ta Kudu, sannan Benin ta doke mu. Ya dawo a Maris na 2025 ya zura biyu a Kigali. Ranar ƙarshe, lokacin da ruwa ya kai wa kowa wuya, ya ɗura wa Benin uku a Uyo. A wasan cike gurbi a Rabat ya ci Gabon biyu a ƙarin lokaci. Da ya ji rauni aka cire shi a hutun rabin lokaci a wasa da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, sai ƙungiyar ta koma kamar motar da aka zare wa batir, aka fitar da mu a bugun fenariti. Don haka ranar da ya haye 37, a ba shi abinsa da hannu biyu, ba tare da "amma" ba.

Inda nake rabuwa da yaron mai jesi shi ne ɗaukar lambar a matsayin hukuncin ƙarshe kan wane ne ya fi. Mu Kanawa bai kamata a koya mana wannan ba, don misalin yana gidanmu. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallaye 18 a kakar wasa ɗaya da rigar Kano Pillars kafin ya tafi Turai a 2010, bai kai rabin adadin Yekini a Super Eagles ba. Amma huɗu daga cikin nasa a gasar cin kofin duniya ya ci su: biyu a ragar Ajantina a 2014, a wasan da Messi ma ya ci biyu, da biyu a ragar Iceland a 2018. Babu ɗan Najeriyar da ya kai shi a wannan fage. Yekini kansa ɗaya gare shi. Wanda yake Kano daren wasan Iceland ya san yadda 'yan Adaidaita Sahu suka cika titi da hon. Ga kuma Sunday Mba, wanda sai ka gangara can ƙasan jerin kafin ka ga sunansa, alhali ƙwallonsa ɗaya tilo a ragar Burkina Faso ce ta kawo mana kofin 2013. Jerin da ke cikin wayar yaron nan ba shi da gurbin rubuta irin wannan.

To a wannan ma'aunin Osimhen yana da giɓi babba: bai taɓa taka leda a gasar cin kofin duniya ta manya ba. Sai dai a nan ne nake ganin muna ɗora kayan a kan jakin da ba nasa ba. Yekini ya yi zamani da ƙungiyar da koci Clemens Westerhof ya shafe kusan shekara biyar yana ginawa, ga Finidi, ga Amokachi, ga Amunike, ga Oliseh, ga Okocha yana tasowa. Osimhen kuwa sai canza masa koci ake yi: daga Rohr zuwa Eguavoen, zuwa Peseiro, zuwa Finidi, a sake komawa Eguavoen, sannan Chelle. Kwana biyu kafin wasan Gabon, 'yan wasa ƙaurace wa atisaye suka yi a Rabat saboda bashin alawus. Ƙasar da ta samu ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya a 2023, ya zama gwarzon Afirka a shekarar, amma ta kasa zuwa kofin duniya sau biyu a jere, ba ɗan wasan ya kamata ta tuhuma ba. Masu kujeru a hukumar ƙwallo ta ƙasa su ne ke da amsar.

Da na koma wajen mai shayin bayan kwana biyu na sake samun Baba a mazauninsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, in yaron nan ya karya tarihin fa?" Ya ce, "Ya karya mana, ɗana, Allah Ya sa albarka. Ni dai a kai shi inda zai riƙe raga in gani kafin in mutu." Kofin duniya na gaba sai 2030, lokacin Osimhen yana da shekara 31.