An daɗe ana ci da gumin yaran nan

Wallahi na ji daɗin labarin nan, cewa a watan Yunin 2025 kotu a Amurka ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye. A da, fili cike maƙil, koci na kwasar miliyoyin daloli, gidajen talabijin na cin kasuwarsu, shi kuwa yaron da ake karyawa a fili sai karatu kyauta da abinci. Haka Hakeem Olajuwon, haifaffen Najeriya, ya buga wa Jami'ar Houston ƙwallon kwando kafin ƙungiyar ƙwararru ta Houston Rockets ta ɗauke shi a 1984.

Abin da ke damuna shi ne rabon. Dala miliyan 20.5 ɗin da aka yarje wa kowace jami'a a shekarar farko, 'yan ƙwallon ƙafa irin na Amurka ne za su kwashe mafi yawa. To 'yan mata masu guje-guje da ninkaya fa, nawa zai kai gare su?