Nasiha: Malamin da aikinsa ke ƙarewa a kwandon shara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jiya bayan sallar isha'i wani abokin karatuna ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce Malam ya rasu. Farfesan da ya koyar da mu ilimin ƙunshe kaya a jami'a. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, don ko da yana raye ba ya son a yi ta yayata shi. Kuma maganar da zan yi ta fi shafar mu da muka rage, shi kam ya riga ya isa inda za mu.

Na san wani zai ce, ƙunshe kaya kuma? Kwali da leda da gwangwani har sai an yi musu farfesa? Ni ma da wannan raini na shiga ajinsa, kuma ina neman gafarar Allah a kan haka. Fanni ne mai zaman kansa. Tun 1952 Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ta fara koyar da shi a matakin digiri, daga baya wasu jami'o'in duniya suka bi sahu. Amma har yau idan ɗalibi ya ce abin da yake karanta ke nan, sai ka ga ana kallonsa kamar wanda ya rasa abin yi.

Ranar farko Malam ya shigo aji ba littafi ba takarda. Abin da ke hannunsa kwalin madara ne da aka shanye, irin wanda ke yin watanni ba firji, da reza guda. Ya tsaga kwalin, ya sa farce yana ɓantaro shi a hankali, yana ɗaga kowane falle sama mu gani. Falle shida ne. Na waje roba ce mai hana danshi shiga. Sai takarda mai kauri da ke ba kwalin ƙarfin tsayuwa. A tsakiya akwai alminiyum wanda bai kai kaurin gashin kai ba, shi ke tare haske da iska. Sauran duk roba ce, wata tana manne fallayen, wata tana raba madarar da ƙarfen. Ya ce mana idan falle ɗaya ya samu huda da ido ba ya gani, madarar da uwa za ta ba ɗanta ta zama cuta, kuma uwar ba za ta taɓa sanin wanda ya yi sakacin ba. Daga nan ya tattara guntayen ya zuba a kwandon shara, ya ce nan ne duk aikinmu zai ƙare, wanda ke neman a yaba masa ya nemi wani fannin tun da wuri.

Shekaru sun shuɗe, amma wannan maganar ba ta bar zuciyata ba. Likita idan ya yi aiki mai kyau, mara lafiya ya warke ya zo ya yi godiya. Magini yana wucewa ya nuna wa 'ya'yansa ginin da ya yi. Mai ƙunshe kaya kuwa, alamar ya iya aikinsa ita ce babu abin da ya faru: magani ya iso lafiya, kwalba ba ta fashe ba, yaro bai iya buɗe murfi ba. A yage, a jefar, a manta. Ni a ganina da wuya a samu aikin da ya fi wannan nisa da riya, in dai mai yin sa ya gyara niyya.

'Yan uwa, kada mu ɗauka addininmu bai san da wannan ba. A Suratu Yusuf, aya ta 47, da Annabi Yusuf (AS) yake fassara mafarkin sarki, ya ce su yi noma shekara bakwai a jere, abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa, sai kaɗan da za su ci. Malaman tafsiri sun bayyana cewa barin ƙwaya a cikin rigar da Allah ya halitta mata ya fi kare ta daga lalacewa da ƙwari. Da wannan dabara ta adana abinci Allah ya tserar da al'umma guda daga yunwar shekara bakwai. Haka nan Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a rufe ƙwarya, a ɗaure bakin salka. Murfi da maɗauri ke nan, a bakin fiyayyen halitta. Imam Gazali ma ya lissafa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su gaba ɗaya, kowa ya shiga laifi.

To mu duba abin da hannunmu ke taɓawa kullum. Murfin kwalbar magani da sai ka danna ƙasa sannan ka murɗa, sau nawa muka yi tsaki a kansa? Wani likitan yara ne a garin Windsor na ƙasar Kanada, Henri Breault, ya gaji da ganin yaran da ake kawo masa sun sha maganin manya, ya tsaya kai da fata har aka samar da irin wannan murfi a 1967. A 1970 Amurka ta kafa dokar da ta wajabta shi a kan magunguna da sinadarai masu haɗari. Siririyar takardar da ke liƙe a bakin kwalba, wadda ake cewa kada ka sha idan ka tarar an ɓalle ta, ita ma da rayuka aka saye ta: a 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan wani ya zuba guba a cikin ƙwayoyin maganin ciwon kai, kuma a shekarar ne hukuma ta sa dokar hatimin da ke tona asirin duk wanda ya taɓa kaya. A jikin kwalbar allurar rigakafi kuma akwai wani ɗan tambari, murabba'i a cikin da'ira. Idan zafi ya yi wa maganin yawa, murabba'in sai ya yi duhu, ma'aikaciyar lafiya ta gane ya lalace ko da ba ta da na'urar awo. An fara sa shi a 1996 a kan rigakafin shan inna. Allah yana cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 32, wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Yara nawa ne ke yawo da ƙafafunsu yau saboda ɗan tambarin nan da bai kai farcen yatsa ba? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Malam yana yawan ba mu labarin Nicolas Appert, Bafaranshen da ya gano cewa idan aka zuba abinci a kwalba, aka toshe bakinta sosai, aka tafasa, zai daɗe bai lalace ba. Ya wallafa hanyar a 1810, gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000, kuɗin ƙasar na wancan zamani. Shi kansa bai san dalilin da ya sa dabarar ke aiki ba, sai bayan kimanin shekara 50 masanin kimiyya Louis Pasteur ya bayyana rawar da ƙwayoyin cuta ke takawa. Duk gwangwanin abincin da ke duniya yau daga nan ya samo asali, amma mutumin ya mutu a 1841 cikin talauci, aka binne shi a kabarin gama-gari. Idan Malam ya kai nan sai ya yi shiru, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ƙara komai. Mu da muka san darasin mun gane: wanda ya ɗora ladansa a hannun mutane ya ɗora a kan ruwa.

Akwai abin da ya faru tsakanina da shi wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ɗakin gwaji ana cika kwali da kaya a sake shi daga wani tsayi da aka ƙayyade, sau goma: sau ɗaya a kan kusurwa, sau uku a kan gefuna, sau shida a kan fuskoki. Ranar na gaji, lokaci ya ƙure, na yi bakwai na cike sauran ukun da biro. Malam ya karɓi takardar, bai ko karanta ba ya ɗauki kwalin yana jujjuyawa. Ya shafa kusurwar da yatsa. Tana nan garau, ba lotsawa ko kaɗan. Bai ɗaga murya ba, bai tara mini jama'a ba. A hankali ya tambaye ni me aka ce za a zuba a wannan kwali. Na ce kwalaben magani. Ya ce to in tuna da wanda ke kwance yana jiran su. Ya miƙo mini kwalin, ya ja kujera ya zauna har na sake gwajin daga farko, rana ta faɗi muka tashi muka yi magariba tare.

Daga baya na ci karo da hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai shi, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Wallahi da na karanta sai na ga yatsan Malam a kan kusurwar nan. Ya kai ɗan uwa mai sana'a, mai kamfani, mai sayar da kaya a intanet: abin da ka rubuta a jikin fakiti shaida ce ka bayar. Nauyin da ka sa, ranar lalacewar da ka buga, hoton da ka liƙa. Mai saye ba ya ganin ciki, amanarka ya saya. Wanda ke goge tsohuwar rana ya buga sabuwa, ko ya girmama kwali ya rage abin ciki, ya sake karanta farkon Suratul Muɗaffifin.

Sai kuma mu masu ci. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya, wajen tan biliyan 1.3 a shekara, yana lalacewa ko a zubar. Malam ya kwashe rayuwarsa yana neman yadda za a rage wannan asara, kuma daidai gwargwado yana jin zafin ledar da ke toshe magudanai da cika teku. Yakan ce ƙunshin da ya wuce buƙata shi ma almubazzaranci ne. Mu kuwa sai mu buɗe abin da aka sha wahalar karewa, mu ci rabi mu bar rabi ya ruɓe.

Manzon Allah (SAW) ya ce idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa na gari da ke yi masa addu'a. Ilimin addini shi ne kan gaba, babu ja. Amma ina kyautata zato ga Allah, wanda ya ce a Suratu Yasin yana rubuta abin da bayi suka gabatar da kuma gurabun da suka bari, cewa kowane ɗalibin Malam da ya ƙi sa hannu a kan gwajin da bai yi ba, ladan zai riski Malam a kabarinsa.

Shekara uku lambarsa tana wayata, kullum ina cewa gobe zan kira in gode masa a kan wancan yammacin. Idan kana da malami irin wannan da ke raye, ko wanda ya koya maka alif ne, ko wanda ya koya maka riƙe almakashi, don Allah ka kira shi yau.

Ya Allah ka gafarta wa Malam, ka yalwata masa makwancinsa, ka ba iyalinsa haƙurin rashi. Duk wanda ya karanta, ina roƙon ya sa shi a addu'a.