Samarin Adar, ruwa yana wuce gonakinmu

Ƴan uwana samari na Tawa da Keita da Illela da Buza, ku da kuke kwana a fada kan butar shayi, ku ba ni aron kunnuwanku.

Kowa a cikinmu ya ga yadda damina ta sauya hali. A yi shuka, sama ta ɗauke sati biyu ko uku, hatsi ya ƙone tun yana ɗan tsiro, a sake neman iri. Ran da ruwan ya ga damar zuwa kuma, sai ya zubo a dare ɗaya, ya rusa katangun laka, ya cika kwari, ya tafi da ƙasar gona. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin waɗanda gidajensu suka faɗi a azuzuwa suke kwana. Masana sun ce hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa ne ya ɗumama duniya, iska mai zafi kuwa tana ɗaukar danshi da yawa, ta sauke shi gaba ɗaya. Ba mu muka ƙona mafi yawan man nan ba, wannan gaskiya ne, kuma akwai zalunci a ciki. Amma ruwan da ya sauka kan faƙonmu ya gudu, ba wanda zai taso daga Turai ya tare mana shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a ƙasar nan tamu aka nuna wa duniya yadda ake tare shi. Bayan farin 1984, lokacin da maza suka watse bida, mata ne suka fi yawa a aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gangaren tudu, suka haƙa ramukan dashe, ana biyansu da abinci. Kakanninmu ne da iyayenmu, wasunsu suna nan da rai. Ku je ku tambaye su. A ƙarshen shekarun 1980 kuma manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, har faƙon da ba mai kallonsa ya zama gonar da ake saye da kuɗi.

Tassa ba ta buƙatar injin. Da rani ake haƙa ta, rami kamar faɗin ƙwarya, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen da ruwa ke gangarawa, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara za ta bi takin, ta huda ƙasa ta ƙarƙashi. Ruwan farko na sauka sai ya tsaya cikin ramin ya nutse, hatsin da aka shuka a ciki ya jure ƙishin da zai kashe na fili. Aiki ne mai karya baya, a zafin da kan kai digiri 45, ban ɓoye muku ba. Shi ya sa na samari ne, ba na dattijon da muka bar wa gona ba.

Sai gawo. Don Allah idan kuna sassabe, kuka ga ɗan gawo ya tsiro, ku kauce masa. Ku rage rassan, ku bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Itacen nan da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, da rani kuma ƴaƴansa ne abincin bisashe. Mutanen Maraɗi da Damagaram da wannan dabarar suka mayar da itatuwa kan miliyoyin eka, ba tare da sun sayi dashe ba. Mu kuwa sai 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, mu dasa a ɗauki hoto, akuya ta cinye kafin sati.

Ban ce kar a tafi Abijan ko Libiya ba, na san abin da ke kora mutum. Amma mai tafiya ya haƙa ramukansa kafin ya hau mota, in ya aiko kuɗi kuma ya ware na taki da na ɗaukar duwatsu. Waɗanda suke gida, fada ɗaya ta isa gayya: yau gonar wane, jibi ta wane, a fara da ta gwauruwar da ba ta da mai haƙa mata.