Alhaji Na Son Karsana Mai Kyan Hoto

Ranar Alhamis, kasuwar Maigatari, rana ta take tsaka. Alhaji ya zo sayen shanun gonarsa, tare da Jauro da likitan dabbobi.

Alhaji: (ya miƙa waya da hoton saniya mai zanen baƙi da fari) Irin wannan nake so, Jauro. Guda goma. Firiziyan, 'yar Holan, lita 25 a rana.

Jauro: Alhaji, ina tozonta?

Alhaji: Ba ta da shi.

Jauro: Ƙahon fa?

Alhaji: Turawa sun cire.

Jauro: Aradu wannan an riga an ci rabinta. Mu ɗauki Bunaji farare, su ci kara su sha ruwan kududdufi su gode Allah. In jiki kake so ga Bokoloji can, in nono ne ga Azawak an shigo da su daga Nijar.

Alhaji: Bunaji! Mai gadina ma yana da Bunaji. In na ɗora ta a Facebook wa zai tsaya ya kalla? A ce garken Alhaji guda, ba abin da za a nuna wa baƙo?

(Gonar dai ko rijiya ba a haƙa ba tukuna. Amma an gama ƙofar shiga, da sunan Alhaji da ruwan zinare, har da fitila biyu.)

Likita: Ranka ya daɗe, wannan saniyar sanyi ce. Zafin watan Afrilu zai kwantar da ita, kaska ta hau, kirci ya biyo baya. Ga dusa da gurya kullum, ka kuwa san kuɗin buhu yanzu.

Alhaji: A sa mata na'urar sanyaya ɗaki.

Likita: Da wace wutar? Mu allurar rigakafi ma da ƙanƙarar saye muke lallaɓa ta.

Alhaji: A sa janareta. Babba. Wanda za a ji ƙararsa daga titi.

Likita: Akwai hanya mai sauƙi. Ka sayi Bunaji masu lafiya, a gwada su kada a kwaso bakkale, mai sa ɓari. Sai a yi musu barbarar allura da irin Firiziyan, yadda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Shika, Zariya. Wata tara ka samu maruƙa rabi da rabi, ga nono ga juriya.

Alhaji: Rabi? Likita, dube ni da kyau. Ni da ko watanda ban taɓa shiga ba? Ranar sunan autana bijimi uku na kayar, tambayi Jauro.

Jauro: Biyu ne, Alhaji. Na ukun bashi ne, kuma nawa ne.

Dillali: (ya faɗo daga inda ba a sani ba, da igiya a hannu) Barka da arziki, Alhajin Allah! Firiziyan? Ai ga ta. Ɗaya ta rage a duk kasuwar nan, wani ɗan majalisa na taya ta, na ce sai kai.

Alhaji: To ya na gan ta fara, baƙin a kunne kawai?

Dillali: Rana ce ta koɗar da ita. Sati biyu a inuwa, zanen zai dawo.

Jauro: (ya buɗe mata baki) Karsana 'yar shekara biyu manyan haƙora biyu gare ta. Wannan takwas sun cika, har sun cinye. Ta yi jika, aradu.

Dillali: Wayo ne ya yi mata yawa. Irin waje haka suke, da wuri suke haƙori.

Jauro: Tozon fa? Alhaji ya ce babu.

Dillali: Nan ta same shi. Zama da mutane.

Alhaji: (a hankali) Likita, a hoto za a ga haƙoran?

Likita: Sai in ta yi dariya.

Aka yi ta ja har la'asar. Daga ƙarshe Jauro ya zaɓi Bunaji goma masu haƙora biyu, Alhaji ya biya yana kallon gefe kada wani ya gane shi.

Alhaji: Dillali, zo nan. Ina ake sayar da baƙin fenti, wanda ruwan sama ba ya wankewa?

Jauro: Ko ka shafe ta duka, Alhaji, lita biyun nan dai ita ce.

Alhaji: Nonon za a ɗauka a hoto?

Dillali: Akwai ƙanena mai fenti, shi ya yi wa ta ɗan majalisar. Sai dai la'adar wannan daban ce, ranka ya daɗe.