Namun daji a jikin tsohon bango

Wani labari da na ji kan yadda ake haska hotunan dazuzzuka da namun daji a jikin tsoffin gine-gine ya tuna mini da Batikan, fadar Paparoma, ranar 8 ga Disamba 2015, ana tsaka da taron sauyin yanayi na Paris. Zakuna, kifaye, tsuntsaye, duk aka haska su a fuskar majami'ar St. Peter, gini mai shekara kusan 400. Abin da ya fi burge ni, aikin ba ya bukatar ƙusa ko fenti. Ana kashe majigi, bango ya koma yadda magabata suka bar shi. Damuwata ɗaya ce: haske mai ƙarfi da dare yana rikita tsuntsaye da jemagu, kuma mutanen unguwa suna bukatar barci. Don Allah a riƙa kashewa da wuri.