Kalmar sirri kaɗai ba ta tsare fayil

A ce mai kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi ya saita sabar ofishinsa, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayiloli, ta riƙa tura jerin farashi zuwa shafinsa na intanet kowane dare, ba sai da sa hannun kowa ba. Inda ake yawan kuskure shi ne zaton cewa tunda FTP, tsarin tura fayil daga wata kwamfuta zuwa wata, yana tambayar kalmar sirri, to hanyar a tsare take.

Ba haka ba ne. FTP tsoho ne, tun 1971 aka fara tsara shi, kuma sunanka da kalmar sirrinka a buɗe yake aika su. Duk wanda ya samu leƙa hanyar zai karanta su tamkar wasiƙar da ba a liƙe ba.

SFTP, wani tsarin tura fayil na daban, ya kamata a yi amfani da shi. Suna ne kawai ya yi kama da na FTP. Shi ta cikin SSH yake bi, wato tsararriyar hanyar haɗa kwamfutoci biyu, komai a lulluɓe. Kuma don Allah kar a rubuta kalmar sirri cikin umarnin da cron (manhajar da ke tayar da aiki a lokacin da aka saita) ke tayarwa, wannan ganganci ne. A maimakon haka, a haɗa makullan SSH, wato makullai biyu da ke maye gurbin kalmar sirri: na fili a sabar shafin, na sirri ya zauna a ofis, asusun kuma a taƙaita shi ga folda ɗaya tak.