Sunan i7 kaɗai ba ya nuna ƙarfin firosesa

Mutane da yawa masu son haɗa kwamfutar tebur da kuɗi daidai gwargwado suna ɗauka cewa duk firosesar (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai sarrafa ayyuka) da aka rubuta wa i7 ta fi wadda aka rubuta wa i5. Wannan kuskure ne, domin sunan yana nuna matsayinta ne kawai a tsakanin waɗanda kamfanin Intel ya fitar tare da ita a zubi ɗaya.

A dubi Core i7-7700 ta shekarar 2017, wadda cibiyoyin sarrafawarta 4 ne, sannan a dubi Core i5-12400 ta 2022 mai cibiyoyi 6, wadda ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Lambobin farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan, wato 7 da 12, su ne ke nuna zubin, kuma su ya kamata mai saye ya fara karantawa. Abin da ya fi damuna shi ne, i7-7700 ba ta cikin jerin firosesocin da Microsoft ya amince wa Windows 11.

Haka kuma kowace tana da mazauninta a madabod (babban allon da ake haɗa sassan kwamfuta a kansa): na i7-7700 shi ne LGA 1151, na i5-12400 kuma LGA 1700, saboda haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.